Tiren Inna a Fim ɗin Janar

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai kifi ta Tudun Wada,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke durƙusawa ta yi wa uwa, da fatan makwancinki ya fi ɗakinki faɗi da sanyi, ina sanar da ke cewa mu da kika bari muna nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na san inda kike ba a kai wasiƙa. A jarida zan sa a buga wannan, don tunda zancen ya riga ya zaga Minna a bakin 'yan gulma, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa, gara a ji shi daga bakin mai kaya.

Labarin mutuminki ne, Inna. Wanda kika hana a kira sunansa a gidanmu ko da tsine masa za a yi. Har yau ban kira ba. A nan ma Janar zan ce, kamar yadda kike cewa kina taɓe baki.

Inna, tunda mutumin nan ya mutu yake ƙara kyau. Da za ki leƙo tasha yau, da kin gan shi a kalanda, an sa shi tsakanin wani shehi da wani ɗan ƙwallo, an goge masa fuska, an haske masa haƙora, an kunna wata fitila a bayan kansa kamar wanda ya sauko daga sama da saƙo. Mai gyaran hoto ya yi masa wankan da mai wankan gawa bai iya yi masa ba. Yana bayan keke mai ƙafa uku, yana tankin babur, yana gilashin motar haya. Idan wayar wani ta yi ƙara a kasuwa, sai ki ji mawaƙi yana kiransa bangon talakawa. To, bango ne kam. Mu da ya faɗo a kanmu mun san nauyinsa.

Abin da ya fi ba ni dariya, yaran da ko cikinsu ba a yi ba lokacin da yake taka mutane, su ne yanzu malaman tarihinsa. Kwanaki wani ɗan acaɓa ya ɗauko ni daga Barkin Sale, tun daga hawa har sauka yana karanta mini cewa a zamanin Janar akwai tsari, ko allura ka yar a titi za ka dawo ka same ta. Na ce masa wannan gaskiya ne, ɗana, don wanda zai sunkuya ya ɗauka yana gida ana gasa masa baya. Ya ce ai mu tsofaffi ba ma son gyara. Na ba shi haƙƙinsa na ce Allah ya ba shi shugaba irin wanda yake so, shi kaɗai, a gidansu.

Duk wannan da sauƙi. Yanzu fim aka yi masa.

Ɗansa ne ke neman kujera a zaɓe mai zuwa. Wani mai wayo ya gaya masa cewa fosta akuya ke cinyewa, amma faifan fim har ƙuryar ɗakin matan aure yake shiga. Sai ya kwaso 'yan fim, aka sauke su a wani masauki, aka ce su mayar da ubansa mutum. Sunan fim ɗin ma ba zan ɓata biro a kansa ba.

Ke ba ki san aikin 'yan fim ba, don kin ce ba za ki zauna kina kallon ƙarya da ido biyu ba, bari in gaya miki yadda suke. Mutanen nan ba su da komai sai kyamara da baki. Gida aro, mota aro, babbar riga aro, har butar da jarumi zai yi alwala ta maƙwabta ce. Kuma ba biyanki za su yi ba. A ƙarshen fim, lokacin da kowa ya tashi yana neman takalminsa, sai wani rubutu ya riƙa hawa sama: godiya ta musamman ga Alhaji wane da ya ba mu falonsa, godiya ga Hajiya wance da ta ba mu labule. Shi ne ladan. Kuma kada ki raina shi, don akwai masu kuɗi a garin nan da za su kwashe iyalinsu su koma bayan gida da zama don sunansu ya hau bango. Ni ma sun taɓa aron atamfa a shagona, suka dawo da ita tana warin hoda da zufa, suka rubuta sunana ba daidai ba.

To, Inna, riƙe zuciyarki. Kin san wa aka ba ya zama Janar? Autanki. Nuhu.

Kin bar shi yana ɗinki a Barkin Sale yana kuma bin 'yan fim kamar jela. Shekara da shekaru, in ba maigadi ba, to mai kawo ruwa. Ya taɓa fitowa a matsayin gawa, a nan ma sai da ya yi atishawa aka sake ɗauka. Sai ga daraktan fim ɗin ya kalli goshinsa da hancinsa ya ce ai ga Janar nan Allah ya ajiye a bakin keken ɗinki. Ya shigo shagona yana rawar jiki kamar an ba shi kujerar Makka. Kakin ma shi ya ɗinka da kansa. An cusa masa filo a ciki, an manna masa gashin baki da gam, an yanko ƙarfen labule an ba shi ya riƙa bugun takalminsa da shi kamar yadda marigayin ke yi da sandarsa.

Na tambaye shi ko ya san wa zai zama. Ya ce, “Yaya, ai wasa ne. Wanda ya fito a ɓarawo, ɓarawo ne?” Na ce masa ɓarawon fim a ƙarshe ana kama shi, shi wannan a wane faifai za a kama shi? Ya yi dariya. Ya ce ke dai, Inna, kin riƙe mutumin ne saboda an tashe ku daga bakin titi, kuma ai kowa an tasa, ga shi yanzu titi ya yi faɗi kowa na jin daɗinsa. Ya ce da kina raye da kin yi murna ɗanki ya zama wani abu.

Na buɗe baki, na tuna alkawari, na rufe. Ke kika ɗaure ni, Inna. Kin ce, “Ba a shayar da yaro ɗaci. Kada in ji kin gaya masa, ko bayan raina.” Na ce to. Ban san irin ranar da wannan to ɗin zai shaƙe ni ba.

Ni kuwa ina tuna ranar kamar yanzu. Ina 'yar yarinya, ban daɗe da fara riƙe miki ciniki ba. Kuna jere a bakin titi gefen kasuwa, ke da bandar kifinki ta madatsar ruwan Tagwai a kan babban tirenki na silba, a gefenki Mama Rifkatu, ƙawarki 'yar kudancin Kaduna, da buhunan cittarta. Auta na goye a bayanki, ko yaye shi ba a yi ba. Aka ce Janar zai wuce ta nan, kuma idonsa ba ya son ganin datti. Mu ne dattin.

Ba wanda ya zo ya ce ku tashi. Mota ce kawai ta tsaya, sojoji suka diro. Ɗaya ya ɗora takalminsa a tsakiyar tirenki ya danna har ya lotsa, kifi ya watse cikin kwata. Kika sunkuya kina tsincewa, don jarin ba naki ba ne duka. Ya ɗaga dorina. Na ga lokacin da kika tuna abin da ke bayanki. Kika juyo da sauri kika ba shi gaba, kika tare da damtsen hagu, fata ta tsage tun daga kafaɗa. Mama Rifkatu ta fizge majanyi, ta zare Auta, ta cusa shi tsakanin buhunan citta ta zauna a gaba kamar ba komai.

Bayan sun share wurin sai suka jera mu a gefen titi, suka ce idan jiniya ta taho mu yi tafi. Muka yi. Ke ma kin yi, jini na bin gwiwar hannunki. Motarsa ta wuce, gilashi a rufe. Ban ma san ko yana ciki ba.

Tun daga ranar ba ki ƙara tafi ba, ko a biki, ko a suna. Mata na guɗa suna tafi, ke kina zaune hannu a cinya. Ba ki ƙara ɗaurin ƙirji a tsakar gida ba, komai zafin Minna. Da Auta ya koyi ɗinki ya zama shi ke yi miki riguna, kullum sai kun yi faɗa, yana cewa an daina yayin dogon hannu, ke kina cewa sanyi kike ji. A watan da kaza ke buɗe baki don zafi, wai sanyi kike ji.

Tiren kuwa, sau nawa maƙera suka ce ki kawo su buge shi ya miƙe? Kika ce, “Ku bar shi. Shi ne rasit ɗina.” Kika ci gaba da talla a kansa har ƙarfinki ya ƙare, duk tsofaffin layinku sun san shi kamar yadda suka san fuskarki. Da kika rasu muka ɗora shi a saman sif a ɗakinki, ba mai taɓawa.

Sai wata maƙwabciyarmu ta zo shago tana ba ni labari, wai an kwashe su a mota zuwa wani fili ta wajen Tagwai, an kafa rumfunan ƙarya, an ba su shinkafa da lemo, an ce su zama 'yan kasuwa. Aikinsu tafi. Ki ji fa, Inna, har yanzu tafi. Wai Janar ya zo kasuwa a ƙafa, ya ga wata baiwar Allah mai kifi a rana, ya tsaya ya share ƙwalla, ya ciro mabuɗin sabon shago daga aljihu ya ba ta. Ita kuma ta zube a ƙasa ta ɗaga tiren kifinta sama ta miƙa masa kyauta. Maƙwabciyar ta ce mini, wallahi Talatu tiren ya yi kama da na Inna.

Na rufe shago da rana tsaka na tafi gida. Saman sif wayam.

Auta bai ma ɓoye ba. Wai darakta ne ya ce a nemo kayan da suka ji jiki don abin ya yi kama da na da, shi kuwa ya tuna akwai wani tsohon tire a gida yana shan ƙura. Ya ƙara da albishir: ya roƙi alfarma, za a sa sunanki a godiya. Godiya ta musamman ga iyalan marigayiya Inna mai kifi. Yana faɗa idonsa na ƙyalli, shi a dole ya yi wa uwarsa gata.

A yi masa waƙa, a yi masa kalanda, a ɗora shi a bayan kowace mota, ba ruwana, ƙarya ma sana'a ce. Amma sunanki ya hau bango a ƙarƙashin nasa, jikokinki su tashi su karanta cewa gidanmu na cikin masu godiya? Bakin da ya ƙi kiran sunansa har ya shiga ƙasa, a sa shi ya ce na gode bayan ya rufe? Na ce sai dai in ba ni kika haifa ba.

Ban yi ihu ba. Kin koya mini cewa mai ihu a kasuwa shi ake cuta. Na yi wanka, na ɗaura atamfa mai tsada, na tafi inda suke haɗa fim ɗin, wani ɗaki mai sanyi cike da wayoyi. Daraktan wani siriri ne mai hular sanyi a cikin zafi, da zobba a yatsu kamar mai sayar da su. Na gaishe shi da ladabi, na yaba aikinsa wanda ban gani ba, na gode masa da karamcin da zai yi wa tsohuwarmu. Sannan na yi ajiyar zuciya na ce shi kawai nake tausayi.

Ya ce da aka yi me? Na ce ba komai, kawai dai tsohuwar ta bar Allah ya isa a kan duk wanda ya haɗa sunanta da na Janar a wuri ɗaya, kuma bakinta ba ya faɗuwa ƙasa. Na ba shi labarin mai kalandar nan da ya rataya hoton mutumin kusa da inda kike zama, damina ta zo ruwa ya tafi da kayansa kaf. Ban gaya masa cewa a bakin kwata ya kafa teburinsa ba, ai bai tambaya ba. Na ce amma shi tunda ɗan boko ne, ya sa sunan kawai, wataƙila fim ɗin ya yi kasuwa duk da haka.

Ya ce, “Hajiya, mu ba mu yarda da camfi ba.” Yana faɗa yana murza wani zobe mai rubutu a jiki. 'Yan fim, Inna, ba su tsoron Allah kamar yadda suke tsoron kwantai. Kafin in shanye lemon da aka kawo mini, sunanki ya sauka. Na sa aka nuna mini da idona, tsakanin mai falo da mai janareta babu kowa.

Saura tire. Nan ya tubure. Wai an riga an ɗauka, yarinyar da ta fito a mai kifi ta koma garinsu, kuma wurin nan shi ne zuciyar fim ɗin. Don ya burge ni sai ya kunna mini. Inna, kyamara ta matso, ta matso, har tirenki ya cika allo. Kifin da suka zuba 'yan ƙwarori ne a gefe, an yi rowa, tsakiya a buɗe. Ga lotsawar nan, ga shatin dugadugin takalmi, ga layin ƙusoshi, ɓaro-ɓaro, ko a hannu ban taɓa ganinsu da kyau haka ba. Ya juyo yana murmushi ya ce in dubi yadda talauci ya fito a jikin tiren nan, ai wannan shi ake kira aiki.

Na daɗe ina kallo. Sannan na ce masa ya yi gaskiya, kada ya kuskura ya cire, in da hali ma ya ƙara masa tsawo. Ya ce ashe na san fim.

Kafin in fita ya nuna mini waƙar. Ai kin san, ko da yake ba ki sani ba, fim ɗinmu ba ya cika sai da rawa. Sai ga Janar a bakin ruwan Tagwai, yana bin wata yarinya a guje tsakanin bishiyoyi, yana leƙo ta ta bayan reshe, yana canza kaki kala-kala, har da ruwan hoda. An kunna tiyo a sama wai ruwan sama ne, filo ya jiƙe ya zazzago gefe ɗaya. Mutumin da manya ke fitsari a wando idan ya yi tari, ga shi yana karkaɗa kafaɗa yana cewa zuciyarsa ta kamu. Na ce a raina, ashe akwai hisabin da ake farawa tun a duniya.

Aka sa ranar nuna fim a wani ɗakin taro a Barkin Sale, bayan la'asar, shiga kyauta. Mutanen ɗan Janar suka yi ta jigilar mata da matasa a motoci.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don kada ki ce na ci amana. Ni na yi miki alkawari. Mama Rifkatu ba ta yi ba.

Tana nan da ranta, Inna, a gidan ɗanta, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, amma baki na nan yadda kika bar shi. Na je na ce mata Autanmu ya zama babban mutum, ya kamata ta zo ta sa albarka. Ta yi murna, ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci. Na tsayar da keke, na ɗora ta, na bi na kwaso sauran tsofaffin layinku da suka rage, na zaunar da su a sahun gaba inda ko makaho zai gani. Ban ce musu komai ba. Allah shi ne shaida, ko kalma ɗaya.

Auta na can gefe a kujerar manyan baƙi, cikin kakinsa da filonsa da gashin bakinsa, yara na sara masa yana ɗaga ƙarfen labule.

Aka fara. Janar na sallar dare, Janar na shafa kan marayu, Janar na ƙin cin abinci wai sai talaka ya ƙoshi. Matasa na ihu suna tafi. Mama Rifkatu na ta gyangyaɗi. Sai aka zo kasuwa. Yarinyar ta zube, ta ɗaga tire, kyamara ta matso, tirenki ya cika bango daga sama har ƙasa.

Na ji tsohuwar da ke kusa da ni ta ja numfashi. Wata ta ce la'ilaha illallahu. Mama Rifkatu ta dafa kafaɗata ta miƙe, abin da ta daɗe ba ta yi ba sai an ɗaga ta.

Ta ce, “Wannan tiren Inna ne. Wancan kuma sawun takalmin sojansa ne. Ina wurin.”

Wani mai jar hula daga cikin masu shirya taro ya taho yana cewa Mama a zauna, a zauna. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “Ranar an ce mu tashi mu yi tafi, yau an ce mu zauna. Ku yanke shawara ɗaya mana.” Ɗaki ya kwashe da dariya. Sannan ta juya tana neman Auta da ido, ta same shi, ta nuna shi da sandarta.

“Kai, Auta. Cire wannan abu a bakinka ina magana. Kai ne a bayanta ranar. Dorinar nan kanka za ta sauka, ta juya ta ba da hannunta. Ni na kwance ka na ɓoye ka cikin buhun citta, kana ta atishawa ina toshe maka baki kada su ji. Yau kai ne ka sa kakinsa?”

Inna, daga nan kamar an fasa tulu. Wani tsoho a baya ya miƙe ya ce shi a ranar aka sa shi tsallen kwaɗo da buhun gawayi a ka. Wata ta ce ita tukwanenta aka farfasa. Wani ya fara ɗage riga zai nuna bayansa, matarsa na ja. Kowa da nasa, ashe duk suna ajiye da shi kamar kuɗin likkafani. Yaran da suka zo tafi suka juya wa bango baya suna kallon kakanninsu baki buɗe. Masu taro suka ƙure lasifika, daidai lokacin da waƙa ta shigo, Janar na tsalle a bakin Tagwai cikin kaki ruwan hoda, ba mai kallonsa.

Na dubi Auta. Zufa ta jiƙa gam, gashin bakin ya saki gefe ɗaya yana lilo. Bai gyara ba. Ya sa hannu cikin riga ya zaro filon, ya ajiye a kan kujera, ya bi ta ƙofar gefe ya fita. Raina ya so in bi shi. Na zauna.

Ba zan yi miki ƙarya irin tasu ba, in ce daga ranar duniya ta gyaru. Fim ya fita, ana saye. Sitika na nan a bayan keke. Ɗan Janar na iya cin zaɓensa, ai ba a kan tire ake jefa ƙuri'a ba. Har an fara shirin ci gaban fim ɗin, sun samo wani mai tumbin gaske, sun huta da filo. Amma a kasuwarmu ba wanda ke kiransa da sunan da suka raɗa masa, fim ɗin lotsattsen tire ake cewa. Na ji a gidaje da dama idan an zo wurin sai wata tsohuwa ta ce a tsayar, ta matsa kusa da talabijin ta ɗora yatsa a kan shatin, ta fara ba da labari. Da kuɗinsu, da kyamararsu, suka buga rasit ɗinki suka raba wa gari.

Auta ya ɗauke mini ƙafa na wani lokaci. Na ƙyale shi. Ran nan da hantsi ina jera kaya sai ga shi, ya rame, ba sallamar kirki, da abu a hammata naɗe cikin sabon yadi. Ya warware. Tirenki ne, ya wanke shi tas. Ya ce wani cikin 'yan fim ɗin ya ce bari a kai wa maƙeri a gyara kafin a mayar, kada a ce sun ɓata kayan aro, saura kaɗan su yi dambe.

Ya zauna a kan benci ya ɗora shi a cinya, yana bin shatin da ɗan yatsa, ƙusa bayan ƙusa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Yaya, wane hannu ne?”

Na ce hagu.

Sai ya ce, “Ni kuwa ina ta yi mata faɗa a kan dogon hannu.”

Ban taɓa ganin namiji ya yi kuka ba sauti haka ba. Na sauke labulen shago, na bar masu ciniki suna ƙwanƙwasawa. Na zauna kusa da shi kamar lokacin da kike barin mini shi ki tafi sarin kifi, na ce masa ai rigunan sun yi miki kyau, kuma kina fita da su kina cewa ɗana ne ya ɗinka. Wannan kam ba dabara ba ce, kin sha faɗa.

Innata, ki yafe mini in na zagaye alkawarinki ta bayan gida. Kin ce kada a shayar da shi ɗaci, kuma ba a shayar ba, ya girma da zuciya fara har ta yi yawa. Amma yanzu ya yi gemu, ya isa ya tauna da haƙoransa. Tiren ya koma saman sif. Shi ya ɗora shi da kansa, ya juya lotsawar tana kallon ƙofa.

Ina kewarki, Inna. Ina kewar warin banda a zanenki, da yadda kike kiran sunana tun daga zaure kamar na ci bashinki.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Allah ya sa wannan damtsen ya riga sauran jikinki shiga Aljanna, ya ja ki gaba ɗaya. Allah ya ƙara wa Mama Rifkatu lafiya da tsawon kwana, ya bar mata bakinta. Allah ya shirya mana Auta, ya ba shi rawar da zai taka ba tare da filo ba. Shi kuwa Janar, ba zan roƙa masa wuta ba, ba zan roƙa masa rahama ba. Allah ya auna masa daidai abin da ya auna wa mutane, kada a ƙara, kada a rage. Ke kika koya mini ba a tauye mudu.

Wassalam.

'Yarki ta fari, mai riƙe miki ciniki,
Talatu mai atamfa, Minna.